Goro Casa'in da Ɗaya, Ƙofa Bakwai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da mahaifiyarki da ke zaune kusa da ke, da duk wanda Allah ya haɗa ku mota ɗaya. Allah ya shimfiɗa muku hanya, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sa direba ya ƙoshi da barcinsa tun a gida, ya sauke ku lafiya kamar yadda kuka hau.

Na ce wa mahaifiyarki kada ta miƙa miki wannan takarda sai kun wuce Ibadan, don in kin karanta ba yadda za ki yi ki juyo ki kalle ni. Kin san halinmu. Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa shekara goma sha huɗu ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, ban kuma taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba. Ki yi haƙuri da rubutun. Aji huɗu na tsaya, kuma safiya biyar na yi ina wannan a kan murfin kwando, in mai saye ya zo in ajiye, in ya tafi in ɗauka.

Zan fara da safiyar Talatar da ta wuce. An yi ruwa kafin asuba ya ɗauke. Ƙasa tana tururi, layin dogo ya yi fari-fari har ba a ganin inda ya nufa. Ƙamshin burodi yana tasowa daga gidan gashin da ke bayan rumfa. Na yayyafa wa goro ruwa, ja da fari duk suna sheƙi a faifai kamar yanzu aka ɓare su. Sai ga ki kin ɓullo daga cikin tururin nan da kwanon kokona, kina tafiya irin ta mahaifiyata, kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Na ɗan jima ban san ko a Agege nake ba ko a ƙofar gidanmu na ƙauye.

Kin same ni ina abin da nake yi kowace safiya kafin kasuwa ta buɗe: in ƙirga goro casa'in da ɗaya, in yi ta kasa shi ina rushewa. Mutane sun ɗauka wuridi ne. Kika ajiye kwanon kika ce, "Baba, wai me kuke yi da goron nan? Tun ina ƙarama nake ganinku."

Na ce, "Wata lamba nake lallashi. Casa'in da ɗaya. Ba ta rabuwa. In na kasa ta biyu, ɗaya ya yi saura. Uku, ɗaya ya yi saura. Biyar haka, shida haka, tara haka, goma haka. Huɗu da takwas kuwa har uku suke bari."

Isufu mai shayi, mutumin Maraɗin nan da teburinsa ke jikin rumfata, ya sa baki. Ya ce, "Mu can da Faransanci katar-ban-onz muka ce mata, ashirin huɗu da sha ɗaya. Ko sunanta bai rabu daidai ba, bare ita."

Ke ko goron ba ki kalla ba. Wani danfo, motar hayar nan, kike kallo da ya maƙale a taɓo. Kika ce, "Kun gwada bakwai?"



Kika ce, "Ai sha uku sau bakwai ne, Baba." Kika tsuguna kika jera shi layi bakwai, kowane layi sha uku, ja da fari a gauraye. Ko ɗaya bai yi saura ba. Faifan ya yi tsaf kamar sahun masallaci ranar da kowa ya zo da wuri.

Daga nan kika ji daɗi, kika yi ta nuna mini. Kika ce wutiri ce, ba shafa'i ba, shi ya sa biyu ba ta shiga cikinta. Kika ce akwai lambobin da da gaske ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, kamar bakwai, kamar sha uku, amma casa'in da ɗaya ba ta cikinsu, kama kawai take yi da su, har masu karatu tana ruɗawa. Ni na sa wa irin waɗancan suna gwauraye. Isufu ya ce to ashe gwauro biyu ne suka yi aure suka haife ta, dole ta ɗauko fuskar iyaye. Kika rushe layukan kika sa ɗaya a sama, biyu a ƙarƙashinsa, uku, huɗu, har sha uku, ya fito da kusurwa uku daidai. Kika ce tana yin dala ma, shida-shida a gindi, sai biyar-biyar, sai huɗu-huɗu, har ɗaya a ƙoli. Kika gwada, hawa na uku ya zube, don goro ba lemo ba ne, kowane ɗaya da irin kwanciyarsa. Kika juya kan kwalin sukarin Isufu, kika gina ɗaki mai uku tsawo uku faɗi uku hawa, da wani mai huɗu-huɗu-huɗu, kika ce ashirin da bakwai da sittin da huɗu, ga ta nan kuma. Isufu yana cewa, "Ɗiyata, wa zai sha shayi da sukarin da ya yi makaranta?"

Na ƙarshe shi ne wanda har yau in na rufe ido nake gani. Kika ɗauko babban tire, kika sa farin goro ɗaya a tsakiya, kika kewaye shi da shida, sai sha biyu, sai sha takwas, sai ashirin da huɗu, sai talatin. Ya fito da gefe shida irin saƙar zuma. Daidai lokacin jirgin safe ya taso daga Ebute Metta ya wuce ta bayanmu, tiren yana rawa, goron yana motsi kamar yana numfashi, amma ba wanda ya bar wurinsa.

Kika ɗauki kwano kika tafi, kina ganin wasa kika yi da Baba. Ba ki san abin da kika taɓa ba. Shi nake so in gaya miki.

Kin san kina da baffa, Yaya Lawal, wan mahaifinki uwa ɗaya uba ɗaya. Kin san yana garin da makarantarku take. Duk lokacin da kika tambaya me ya sa ba ma zuwa, ba ya zuwa, ana ce miki nisa ne. Ba nisa ba ne. Ni ne.

Abin ya faro tun ina yaro. A aji huɗu malaminmu ya ba mu lissafi a allo, na faɗi duka, ya zana mini ƙaton ƙwai a littafi, ya yi masa ido da baki, ya ɗaga wa aji. Aka yi dariya. Washegari na bi awaki daji, ban sake komawa ba. Ba wanda ya kore ni. Yaya Lawal ya yi lallashi, ya yi faɗa, har goya ni ya yi zuwa ƙofar makaranta, na zame na gudu. Dariyar yini ɗaya na guje wa, ga shi na yi shekara goma sha huɗu ina juya abin da ke kika warware kina kallon danfo. To, Uwata, za su yi miki dariya a can, ko a kan lissafi ko a kan wani abu. Ki koma washegari. In kin kasa ɗaga kai, ki koma da kan a sunkuye, amma ki koma ki zauna a kujerarki.

Ina shekara sha bakwai Yaya ya aiko aka kawo ni Legas. Shi ya koya mini goro: yadda ake kwance huhu, a shimfiɗa ganye, a tsince wanda sankara ta taɓa kafin ta bi sauran, yadda ake gane marsa, manyan goro, da minu, ƙananan, da ido kawai, yadda ake ba shi ruwa kaɗan-kaɗan kamar jinjiri. Shi ya nema mini auren mahaifiyarki, duk da danginta 'yan asalin Legas ne, tun kakanninsu suke nan, suna ganina baƙauye. Shi ya kama mana ɗaki a gidan da muke har yau. Kin san gidan, ɗaki takwas, huɗu suna kallon huɗu, namu da wasu bakwai. Ɗakin da ke kallon namu, inda tela yake yanzu, nan ne ɗakinsa. In na buɗe ƙofa da safe, fuskarsa nake fara gani.

Wata biyu kafin a haife ki ya yi tafiya, ya bar mini huhu guda na Iya Sikira, Bayarabiyar nan da ke kawo mana goro daga wajen Shagamu. Na cika masa ruwa, na kuma yi ƙyuyar kwancewa in tsince. Da ya dawo aka buɗe, kusan rabi ya lalace. Iya Sikira ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, ta tara mini kasuwa. Yaya ya shiga tsakani, ya rusuna mata, ya yi mata magana da Yarbanci. Ni a lokacin Yarbancina na saye da sayarwa ne kawai, amma na tsinci kalma biyu. Ya nuna ni ya ce, "Odo ni."

Na san odo. Yaran gidanmu in sun dawo daga makaranta da shi suke tsokanar juna, wane ya ci odo. Sifili ke nan. Ƙwai. Na ce a raina, shi kaɗai ne a duk Legas ya san labarin ƙwan nan, shi ne yau ya ɗaga wa matan kasuwa shi. Ban ce masa komai ba. Na dai daina cin abinci kwano ɗaya da shi. In ya fito in shige. Ya tambaye ni sau uku, "Garba, me na yi maka?" Ina cewa ba komai.

Ranar da aka haife ki ya shigo duk da haka, ya karɓe ki, ya yi miki huɗuba a kunne da sunan mahaifiyarmu, ya mayar da ke, ya fita. Kwana biyu kafin suna na ware ƙwarya guda, goro ɗari, na gayyatar mutanen gida, don mu masu goro ba a yarda mu aika da biyu-biyu. Na tsince tara masu sankara. Saura ɗari ba tara. Na kasa shi gida shida, sha biyar-sha biyar, ɗaya ya yi saura.

Mahaifiyarki tana kwance tana kallona. Ta ce, "Malam, na Yaya fa?"

Na ce, "Goron bai cika ba. Casa'in da ɗaya ne, ba ya rabuwa."

Ta ce, "To, ko wannan ɗayan ne."

Na ce ɗaya ai raini ne. Na sa shi a aljihu, na cinye shi ni kaɗai a bakin layin dogo.

Safiyar suna, maza suna taruwa a ƙofar gida, na leƙo na ga ƙofarsa a buɗe. Yana zaune a bakin gado da babbar rigarsa shuɗiya, hula a gwiwa, takalma a jere a gabansa. Goro yake jira. Taku huɗu ne tsakanina da shi. Aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka yanka rago, aka watse, yana nan zaune. Da azahar na ga ya rataye rigar. Wata bai cika ba ya tattara iyalinsa ya koma arewa.

Shekara biyu bayan haka, wata rana ina ba mahaifiyarki labarin, karo na farko da na faɗi kalmar da bakina. Ta fara dariya, sai ta tsaya. Ta ce, "Sake faɗa yadda ya faɗa." Na sake. Ta ce, "Malam, a buɗe ya faɗe ta ko a tsuke?" Ke kin fi ni sanin wannan, da Yarbanci kika tashi. In an tsuke baki, sifili ne. In an buɗe baki an ɗaga ƙarshen, matashi ne, yaro ɗanye. Muka je wurin Iya Sikira. Ta dafa kai ta ce, "Garuba, cewa ya yi in yi haƙuri, yaro ne kai. Roƙa maka yake yi. Har cewa ya yi laifin nasa ne da ya bar maka kaya."

Ga shawarata a kan wannan. In magana ta soke ki, ki maimaita ta a gaban mai ita, da irin muryar da kika ji, ki ce haka kika ce? Ki yi a ranar. Inda za ki ma Hausarsu ba irin tamu ba ce, akwai kalmar da a Agege wasa ce, a can zagi, akwai wadda za ki ji kamar zagi alhali yabo ce. Kunnenki baƙo ne a can, kada ki yanke hukunci da shi shi kaɗai. Kuma in wani ya tambaye ki me ya yi miki, kada ki ce ba komai alhali da komai. Wannan ba komai ɗin ta fi zagi muni. Wanda aka zaga ya san inda zai fara ba da haƙuri.

Za ki ce, to da na gane, me ya hana ni zuwa? Nan ne kuskuren da ya fi girma, kuma shi ne wanda ba wanda ya gani, don yana kama da halin kirki. Kin ji yadda ake kirana a kasuwa, Garba mai haƙuri. Mai saye zai taɓa goro hamsin ya tafi bai ɗauki ɗaya ba, in ce ya gaida gida. Ruwa ya ci rumfa, in gyara. To da irin wannan haƙurin na zauna ina jira. Na ce sai Sallah. Sallah ta zo na ce sai babba. Na samu lambar wayarsa, na sha dannawa in kashe kafin ta shiga. Kunya ta yi mini yawa, sai na nemi abin jingina, na samu lambar nan. Na riƙa gaya wa kaina cewa ko da ban yi fushi ba, ai goron ba zai rabu ba, ƙaddara ce ta zo a casa'in da ɗaya. Kowace safiya in ƙirga in kasa, don in sake ganin ɗayan nan ya yi saura, raina ya ɗan kwanta. Na gwada biyu har shida. Na gwada takwas, tara, goma. Wallahi, Uwata, ban taɓa lura ina tsallake bakwai ba. Hannuna yana tsallake ta ne kamar yadda ƙafata ta saba tsallake ƙofarsa.

Ashe ƙofa bakwai ce, goron kuma na ƙofa bakwai ne cif. Sankara ta ci tara daidai don kowa ya samu sha uku. Ni na cire mutum ɗaya daga lissafi, sannan na ce lambar ce mai taurin kai.

Saboda haka ki kula da haƙurinki, don na ga kin gado shi. Akwai na wanda yake ta gwadawa har ya dace, akwai na wanda ya zauna don tashi yana da ciwo. Daga waje kamarsu ɗaya, har yabonsu ake da kalma ɗaya. In kika ga wani abu ya ƙi daidaituwa a hannunki, ko lissafi ne ko zama da mutane, kuma kullum abu ɗaya ne yake saura, ki tsaya ki duba wace ƙofa ce ba ki ƙirga ba. Yawanci kin san ta. Ita ce wadda ba ki son kallo.

Kwanakin nan in kasuwa ta yi shiru, sai in tsinci kaina ina kallon tire ina tafiye-tafiye a zaune. Ina ganin lambobi kamar mutanen unguwa. Casa'in mai jama'a ce, kowa nata ne, biyu da uku da biyar da shida da tara da goma duk suna shiga gidanta su fita ba a tambaye su. Maƙwabciyarta ta gaba kuwa, taku ɗaya kacal, ƙofarta kamar a kulle, sai wanda ya san ta bakwai ake shiga. Kin ce in aka tara masu shiga gidanta, ɗaya da bakwai da sha uku, ashirin da ɗaya ne kawai, ba su kai ta ba. Ban san amfanin sanin wannan ba, amma na ji tausayinta. Sai kuma in tuna yadda ta kwanta a tire, gefe shida, in ce ba abin tausayi ba ce.

A makon farko za ki zama ɗayan nan mai saura. Za a kasu biyu-biyu a bar ki, a kasu uku-uku a bar ki. Za su ce 'yar Legas, za su kwaikwayi yadda kike cewa oya in kina sauri, za su tambaye ki ko kin iya tuƙa tuwo. A nan ana ce mana 'yan arewa, a can za a ce miki Bayarabiya. Kada ki yi saurin cewa ba ki da wuri. Farin goron da kika sa a tsakiyar tire, shi ne dai wanda yake saura a hannuna kowace safiya. Jerin ne ya sake. Kuma in kin samu wurinki, ki waiga. A kowane ɗakin kwana akwai yarinyar da take zaune a bakin gado da kayanta a jiki, ƙofa a buɗe. Ba za ta yi magana ba. Ki je ki kira ta.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki ci abin da aka dafa ko bai yi miki ba. Ki gaida masu shara da masu girki da sunansu. Sauran mahaifiyarki ta gaya miki, ta fi ni iyawa.

Yanzu ga roƙona. A ƙasan jakarki, gefen dama, akwai ƙunshin ganye ɗaure da zare. Goro sha uku ne, marsa, bakwai fari shida ja. Kason Yaya Lawal ne na sunanki. In kun tsaya sallah ki kwance, ki duba, ki yayyafa ruwa da yatsu uku, kada ki zuba, ki mayar ki ɗaure. Kada ki sa shi kusa da taga inda rana take. In kin kula zai kai kwana huɗu yana sabo, don haka kafin ki shiga ƙofar makaranta za ku je, ba bayan ba. Mahaifiyarki ta san unguwar. Ita za ta shige wurin mata, don tana jin nauyinsa. Ke za ki durƙusa a gabansa, ki miƙa da hannu biyu, ki ce, "Baffa, goron sunana ne, ya makara a hanya." In ya tambaye ki sunanki, ki faɗa masa na yankan.

Na san abin da nake yi. Na san dabara ce in aika wadda take ɗauke da sunan mahaifiyarsa, mai tafiya irin tata, don zai yi masa wuya ya mayar da ke. Na san kuma kaya ne na ɗora wa yarinya alhali nawa ne. Ki yafe mini. Ba don in ɓuya a bayanki ba ne. Goro ne ya kamata ya riga ni isa, tunda shi na hana. Na tambayi mahaifiyarki tsawon zangon karatunku, ta ce mako sha uku. Na zauna na buga da kaina, ba wanda ya taya ni, kwana bakwai sau sha uku. Na yi ta dariya ni kaɗai har Isufu ya leƙo. Ranar da kwanakin suka cika, ni zan zo ɗaukarki, ba mahaifiyarki ba. In ya karɓa, in sauka a gidansa. In bai karɓa ba, in tsaya a ƙofar gidan har ya fito masallaci, in faɗi abin da zan faɗa, ya yi yadda ya ga dama da ni.

In ya ƙi karɓa, kada ki yi kuka a gabansa, kada kuma ki riƙe shi a zuciya. Yana da gaskiya. Ki ajiye ƙunshin a gefen tabarmarsa, ki yi masa sallama da ladabi, ki tafi makarantarki. In kuwa kika ga ya ɗauki ɗaya ya ɓare, ya miƙo miki ɓari, ki karɓa ki ci ko da ba ki son ɗacinsa. Daga nan ki ce mahaifiyarki ta kira ni. Wayar tana aljihun gabana.

Allah ya kai ku lafiya. Allah ya tsare ki a ɗaki da aji da hanya, ya haɗa ki da malamai masu tausayi da ƙawaye masu tsoronsa. Ya buɗe miki abin da ya rufe mini, ya sa ki fi mu ta kowace fuska. Ya jiƙan wadda kika ci sunanta. Ya dawo mini da ke da ƙafafunki. Na yafe miki duniya da lahira, ban ma san abin da kika yi mini ba sai alheri.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba mai goro, Agege.

Na juyo bayan takardar don abu ɗaya. Wataƙila Baffanki ya ce ke da mahaifiyarki kuka shirya wannan, ni ban sani ba, don ya san taurin kaina. In ya faɗi haka, ki gaya masa abin da ya faru bayan kin bar rumfa a safiyar nan. Na rushe saƙar zuman da kika yi, na kasa goron kashi bakwai, ina kiran mai kowace ƙofa kamar yadda gidan yake a wancan lokaci. Da na zo kan na bakwai na kira sunansa da ƙarfi, a tsakiyar kasuwa, na ce ni na zalunce shi, shi bai yi mini komai ba. Ban faɗa a ɓoye ba. Isufu yana nan, da butar shayi a hannu, har ta ƙone shi bai ajiye ba. Iya Sikira tana nan, Talata ce ranar kawo kayanta, ita ta zaɓi ganyen ta ɗaure ƙunshin da hannunta. Duka biyun ya san su, ya san ba sa yi wa kowa kara. Ta ukun kuwa ta fito cefane ne ta tsaya a bayan rumfa, ban san tana wurin ba sai da na ji tana jan hanci. Ga ta nan kusa da ke. Juya ki tambaye ta.